Kunnen Situdiyo: Tarihin Makirfon Kwandansa da Muryoyin Garin Jos

A jerin tarihin da muke kawowa, yau za mu ɗauki wani ƙaramin kayan aiki da ya daɗe yana yi wa garin Jos hidima ba tare da an kula da shi ba. Duk wanda ya taɓa leƙa situdiyon waƙa ko ɗakin watsa shirye-shirye na gidan rediyo ya ga wani makirfo mai kauri, a rataye cikin zaren roba, da wata baƙar rariya a gabansa. Ba a riƙe shi a hannu, ba a kai shi filin biki, kuma mai situdiyo ba ya yarda yaro ya taɓa shi. Shi ne makirfon kwandansa. Mafi yawan muryoyin da muke ji a rediyo, a fim da waƙa, ta cikin irinsa suka biyo kafin su iso kunnenmu.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kansa shi ne, kayan da a da sai gidan rediyon gwamnati ke iya mallaka, yau matashi na iya saye ya kafa a ɗakinsa a Unguwar Rogo ko Gangare. Amma sanin yadda aka ƙera shi da dalilin kowane sashe nasa bai yaɗu kamar yadda shi kansa ya yaɗu ba. Kuma muna da muryoyin da idan ba a ɗauke su da kyau yanzu ba, shi ke nan an rasa.

Kafin a samu makirfo

Tun daga 1877 da Thomas Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a Amurka, har zuwa 1925, babu wutar lantarki a harkar naɗar faifai. Mawaƙi zai tsaya gaban wani babban mazurari ya ɗaga murya, ƙarfin muryar kawai ke girgiza allurar da ke zana sautin a jikin kakin zuma. Mai ƙaramar murya ba ya fita, kayan kiɗa mai sanyin sauti kuwa sai ya nutse. Da a wancan zamanin aka kai kuntigi ko gurmi gaban mazurarin nan, da kyar za a ji tsirkiyarsa.

Akwai makirfo a lokacin, amma na wayar tarho ne, wanda ake cika shi da ƙwayoyin gawayi. Yana isar da magana a gane, sai dai yana da shuu da ƙara, kuma yana murɗe murya. A 1916 wani injiniya mai suna Edward Wente, da ke aiki da kamfanin Western Electric a birnin New York, ya ƙera makirfon kwandansa na farko. Da aka haɗa shi da na'urar ƙara ƙarfin sauti, kamfanonin faifai na Victor da Columbia suka koma naɗa da lantarki a 1925. Daga nan mawaƙi ya samu damar rera waƙa cikin natsuwa, ko da raɗa ce, a ji shi sarai.

Yadda yake ji

Masu gyaran fanka da rediyo a garin nan sun san kwandansa: faranti biyu ne na ƙarfe da ke fuskantar juna ba tare da sun taɓa ba, suna riƙe da cajin lantarki a tsakaninsu. Yawan cajin da za su iya riƙewa ya danganta da tazarar da ke tsakani. A kan wannan ƙa'ida aka gina makirfon gaba ɗaya.

A cikin kansa, bayan ragar ƙarfen da muke gani, akwai wata ƙwaya mai kamar kwabo. Farantin baya na ƙwayar mai kauri ne, yawanci na tagulla, an huda shi da ƙananan ramuka don iska ta samu wurin motsi. Farantin gaba kuwa tantani ne, kamar fatar kalangu, an ɗaure shi tamau. A yau ana yin tantanin da wata roba da ake kira Mylar, a fesa mata zinariya sama-sama don ta iya ɗaukar lantarki. Kaurinsa bai wuce kashi 6 cikin 1,000 na milimita ba a mafi yawan makirfon situdiyo, wato ya fi silin gashin kai siranta wajen sau goma. Idan mutum ya yi magana, iskar muryarsa ta kaɗa tantanin, tazarar da ke tsakaninsa da farantin baya ta dinga raguwa tana ƙaruwa, sai ƙarfin lantarkin ya dinga canzawa daidai da yadda muryar ke kaɗawa. Wannan canjin ne ake ɗauka.

Makirfon da muka fi sabawa da shi a masallatai, coci, wurin biki da taron siyasa wani iri ne daban, ana ce masa dainamik. Shi tantaninsa yana ɗauke da naɗin waya ne da ke kai-komo a cikin maganaɗisu. Yana da juriya, ko ya faɗi ƙasa a ɗauka a ci gaba, kamar Shure SM58 da aka fito da shi a 1966 kuma har yau ake yayinsa. Sai dai nauyin wayar nan yana hana tantanin saurin motsi. Tantanin kwandansa ba ya ɗauke da komai, shi ya sa yake kama abin da wancan ke tsallakewa: shaƙar numfashi, gogar yatsa a tsirkiya, amon ƙarshe na harafi. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma kwandansa mai kyau yana kama kusan duk wannan zango.

Akwai mai babban tantani, wanda faɗinsa ya kai kusan inci guda, shi ake so a murya domin yana ba ta kauri, kuma nasa shuu ɗin kaɗan ne. Akwai mai ƙaramin tantani, siriri kamar alƙalami, wanda ya fi dacewa da kayan kiɗa irin su garaya, sarewa da shantu.

Daga kwalbar Balin zuwa wayar hannu

Wanda ya mayar da wannan ƙira sana'a shi ne Bajamushe Georg Neumann, da ya kafa kamfaninsa a Balin a 1928. Makirfonsa na farko, CMV3, nauyinsa ya kusa kilo 3, kuma saboda siffarsa aka yi masa laƙabi da kwalba. Girman nan yana da dalili. Lantarkin da ƙwayar ke fitarwa rarrauna ne ƙwarai, ba zai iya bin doguwar waya ba, dole a ɗora masa na'urar ƙarfafawa a nan cikin jikin makirfon. A lokacin kuwa babu abin ƙarfafawa sai bawul, wato kwalbar gilashin nan da ke haske a bayan tsofaffin akwatunan rediyo.

A 1949 kamfanin ya fitar da U47 kasuwa, wanda ya shahara har mawaƙa irin su Frank Sinatra da ƙungiyar Beatles suka yi aiki da shi. Sabon abin da ya zo da shi shi ne maɓallin zaɓar inda zai saurara. Ƙwayarsa tana da tantani biyu, gaba da baya. In an kunna na gaba kaɗai, sai ya ji abin da ke gabansa ya yi watsi da na bayansa; zanen wannan ji ya yi kama da zuciya, shi ne alamar da muke gani a jikin makirfo. In an kunna duka biyun, sai ya ji ko'ina, alamarsa da'ira. Daga baya aka ƙara na uku, mai siffar lamba 8, wanda ke jin gaba da baya ya toshe gefe, ga mutum biyu da ke hira suna fuskantar juna.

Da tiransisto ya maye gurbin bawul, sai aka samu sauƙin wuta. A 1966, yayin wani aiki da gidan rediyon ƙasar Norway, kamfanin Neumann ya fito da dabarar tura wuta mai ƙarfin bolt 48 ta cikin wayar da ke ɗauko sautin, ba tare da wata wayar wuta daban ba. Tun da ba a ganin hanyar da wutar ta biyo, sai aka kira ta wutar fatalwa, masu situdiyo na ce mata fantom. Ita ce maɓallin da aka rubuta wa 48V a jikin miksa. Sau da yawa matashi kan sayo kwandansa ya jona ya ji shiru, ya ɗauka an sayar masa da matacce, alhali wannan maɓalli ne bai danna ba. A 1967 aka fitar da U87, mai salon ji uku, da maɓallin rage ƙarfin sauti, da na yanke gurnanin ƙasa. Har yau shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

Wani reshen tarihin ya fi shafar talaka. A 1962, a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka, Gerhard Sessler da James West, wanda baƙar fata ne, suka ƙera kwandansar da tantaninta ke riƙe da caji na dindindin, kamar yadda maganaɗisu ke riƙe da ƙarfinsa. Ana ce mata ilektiret. Ita ta sa makirfo ya yi arha ya ƙanƙance, ya shiga rikodar kaset da tarho. Ƙaramin makirfon da ke cikin wayoyinmu na hannu a yau ma a kan ƙa'idar faranti biyun nan yake aiki. Ke nan kowannenmu yana yawo da jikan makirfon Wente a aljihu.

Inda Jos ta shigo

Alaƙar garin nan da kayan lantarki ta girmi gidajen rediyonsa. Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Liruwai suna narka kuza su fitar da dalma. Daga wajajen 1904 kamfanonin Ingila suka shiga haƙar kuza a kan tsaunin nan, aka jawo layin dogo daga Zariya, kakanninmu da yawa suka zo aiki da fatauci. Babban amfanin ƙarfen kuza a duniya shi ne yin sodar da ake liƙa wayoyi da ita, wadda a tsohon haɗinta kashi 60 cikin 100 kuza ne. Babu makirfo, babu rediyo, babu miksa da za a haɗa ba tare da wannan liƙi ba. Ƙarfen da aka wanke a rafukan Bukuru da Dilimi irinsa ne ke riƙe da cikin waɗannan na'urori.

Muryar Hausa ta samu babban fili a iska da buɗe sashen Hausa na BBC a 1957, da kafa gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962. Jos ta shiga wannan sahu da wuri. Situdiyon Muryar Bishara da ke garin nan ya riƙa naɗar shirye-shiryen Hausa a tef ana aikawa Addis Ababa, inda wata babbar tasha da ta fara aiki a 1963 ke watsa su a gajeren zango, har zuwa 1977 da gwamnatin sojan Habasha ta karɓe tashar. Wato muryar da aka ɗauka a wani ɗaki a Jos sai ta je gabashin Afirka ta dawo akwatin rediyon mai sauraro a Katsina ko Maraɗi.

A zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, jihar Binuwai-Filato ta kafa gidan talabijin nata a 1974, kuma shi ne ya fara nuna hoto mai kala a Najeriya. A 1979 aka kafa Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda hedikwatarta ke nan Jos. A 1980 aka buɗe Kwalejin Talabijin ta NTA, a shekarar kuma aka fara nuna wasan kwaikwayon Cock Crow at Dawn da aka ɗauka a kewayen garin nan. A 1995 aka ƙara da Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa. Waɗannan wurare ne suka tara injiniyoyin sauti a Jos, suka horar da masu ɗaukar murya da suka bazu gidajen rediyo da talabijin na ƙasar nan.

Masu fim suna da nasu irin kwandansar, doguwa kamar bututu, wadda ake ɗaurawa a kan sanda a miƙa saman kan 'yan wasa don kada ta fito a hoto. Bututun yana da tsaga-tsaga a gefe da ke kashe sautin da ya zo ta gefe, ya bar na gaba. Fitacciya a cikinsu ita ce MKH 416 ta kamfanin Sennheiser, wadda ake aiki da ita tun shekarun 1970, kuma an san ta da jure laima. Duk wanda ya ga ana ɗaukar fim ɗin Hausa a kan duwatsun Shere ko a Lamingo ya ga irin wannan sanda, da rigar gashi da ake sa mata don kare iska.

Marigayi Dan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a watan Yunin 2015, shi ne misalin da ya fi nuna amfanin makirfo ga kiɗanmu. Kuntigi ɗan ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, ba shi da amon da zai cika fili kamar kalangu ko tambari. Shi kuwa Dan Maraya shi kaɗai yake waƙarsa, babu 'yan amshi. Makirfo ne ya ɗaga wannan tsirkiya ɗaya ya daidaita ta da murya, rediyo da faifai suka kai ta Nijar, Gana da Kamaru. Waƙar da aka yi wa karen mota a tasha ta shiga ɗakunan manya ta wannan hanya.

Da kaset ya yaɗu, sai ɗaukar murya ta fita daga hannun gwamnati. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, ta yaɗa wa'azi sosai ta kaset, haka ma malaman ɗariƙu da sha'irai masu bege. A ɓangaren waƙoƙin coci, Panam Percy Paul ya kafa situdiyonsa a garin nan. Daga baya matasan da suka tashi a Jos irin su P-Square, M.I Abaga, Jesse Jagz da Ice Prince suka cika ƙasa. A fim ɗin bidiyo na Hausa kuwa, wanda ya soma da Turmin Danya a Kano a 1990, Jos ta ba da nata gudummawar ta hannun irin su Sani Mu'azu. Waƙar fim ta Hausa kacokan ɗinta a situdiyo ake yin ta: fiyano, kwamfuta, da mawaƙi a gaban kwandansa.

Abin da ya ƙarasa buɗe ƙofar shi ne faɗuwar farashi. Daga shekarun 1990, kamfanoni irin su Rode na Ostireliya da Audio-Technica na Japan, da masana'antun ƙasar Sin, suka fara fitar da kwandansa mai babban tantani a kan kuɗin da ya yi ƙasa sosai da na U87. Yau akwai wanda ake jonawa kai tsaye a kwamfuta ta USB, ba ya buƙatar miksa ko fantom.

Kowane sashe da dalilinsa

Tun da kayan ya zo hannunmu, ya kamata mu san abin da kowane ɓangare ke yi.

Rariyar da ake sa wa a gaba ba ado ba ce. Haruffa irin su b da f, musamman yadda da yawanmu ke furta f da leɓe biyu, suna fito da guguwar iska da ke dukan tantani ta ba da wani bum a cikin sauti. Rariyar tana wargaza wannan iska, tana kuma tare feshin yawu. Shi ma s da sh da ts, kwandansa kan ƙara musu kaifi. Maganinsa a ɗan karkatar da makirfon daga saitin baki.

Zaren robar da yake rataye a ciki yana raba shi da sandar da ke tsaye a ƙasa, don kada takun ƙafa ko wucewar babbar mota a titi su hau ta sandar su shiga sauti. Maɓallin yanke gurnani, mai alamar layi da ya karye, yana zubar da sautin can ƙasa, inda rurin janareta da fanka suke. Maɓallin da aka rubuta wa -10dB kuwa na lokacin da za a ɗauki abu mai ƙarfi ne, kamar kakaki, algaita ko ganga, don kada sautin ya fashe. Wayarsa mai baki uku, da ake kira XLR, an tsara ta ne ta yadda hayaniyar lantarkin da ta kwasa a hanya za ta soke kanta.

Mafi yawan kwandansar situdiyo ta gefe take ji. Gabanta shi ne inda tambarin kamfani ko alamar zuciya take. Wanda ya yi waƙa ta samanta kamar makirfon biki, ko ya juya mata baya, zai ji muryarsa kamar daga cikin rijiya. Tazarar da ta dace kamar taƙi guda ce. In an matsa sosai, mai salon zuciya yana ƙara wa murya kauri, abin da masu gabatar da shirin dare ke so, amma yakan dagula kalmomi. Mu kuwa harshenmu na karin sauti ne da tsawon wasali, inda hawa da saukar murya ke raba ma'anar kalma da kalma. Ga mai karatun Alƙur'ani ma, fitar kowane harafi daga mafitarsa ita ce gaba da komai. Sautin da ya dagule yana cin ma'ana.

Sai a kula da saye. Da yawa daga cikin masu arhar da suka cika kasuwa babban gida ne kawai mai ƙyalli, a ciki ɗan ƙaramin ilektiret ne. Akwai kuma jabun manyan sunaye. In an haska tocila ta ragar ana iya hango girman ƙwayar, kuma gara a gwada da kunne kafin a biya.

Yanayin garinmu da lafiyar makirfo

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, da sanyi da hunturu mai ƙura, da damina mai ƙarfi daga wajajen Afrilu zuwa Oktoba. Waɗannan biyun su ne manyan abokan gabar kwandansa. Tantanin yana ɗauke da caji, don haka yana jawo ƙura kamar yadda gilashin tsohuwar talabijin ke yi. In ƙurar hunturu ta kwanta a kansa, sannan laimar damina ko tururin numfashi ya same ta, sai ta zama hanyar da cajin ke zurarewa. Alamar ita ce ƙaras-ƙaras kamar ana suya, ko sauti ya dinga ɗaukewa yana dawowa. Rigakafin mai sauƙi ne: a rufe shi da an gama aiki, a mayar da shi akwatinsa tare da ɗan ƙunshin nan mai tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Kada a hura masa iska ko a ƙwanƙwasa shi don gwaji, kada kuma a buɗe a goge tantanin da tsumma, domin zinariyar za ta bi tsumman.

Sannan shi ba ya zaɓe, duk abin da ke ɗakin zai kwasa: ruwan sama a kan kwano, ƙahon keke, kukan zakara, da amsa-kuwwar bangon siminti. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya tare hayaniyar waje. Abin da ke tare ta shi ne bango mai kauri da ƙofa da taga marasa kafa. Abin da ke kashe amsa-kuwwa kuwa kaya masu laushi ne da kauri: katifa, bargo, labule mai nauyi, darduma. Kwandansa mai araha a ɗakin da aka gyara ya fi mai tsada a ɗakin da ke amsawa. In ɗakin ya gagara gyaruwa, dainamik ya fi rufa asiri.

Abin da ke gabanmu

Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 ya yi shekaru ana ɗaukar ya ɓace, sai da aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Shi ya yi sa'a domin yana da hukumar da ta ajiye shi. Kasusuwan da ke cikin kwalaye a gidajenmu, na tafsirin malaman da suka rasu, na waƙoƙin biki, na saƙon murya da 'yan uwa suka aiko daga Makka ko Kurmi, ba su da wannan gata. Tef yana mannewa, yana funfuna, kuma rikodar da za ta juya shi tana ƙarewa a kasuwa.

Abin da ya fi wannan gaggawa shi ne muryoyin da ba a taɓa ɗauka ba. Har yanzu muna da dattawan da suka yi aikin kuza da hannunsu, waɗanda suka hau ƙaramin jirgin Zariya kafin a rufe layin a 1957, da iyaye mata da suka san waƙoƙin daka da niƙa da tatsuniyoyin da jikokinsu ba su taɓa ji ba. Akwai 'yan kasuwar da suka san babbar kasuwar Taminus kafin gobarar 2002, da waɗanda za su iya ba da labarin yadda aka zauna da maƙwabta Birom, Afizere da Anaguta shekara da shekaru. Hausawa sun ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, to amma sai an ji daga bakin babban tukuna.

Muryar tsoho a hankali take fita, akwai rawa a cikinta, akwai dogon shiru. Irin wannan murya ce aka ƙera kwandansa dominta. Muna kira ga matasanmu masu situdiyo da su ware ko da yini ɗaya a wata, su nemi izinin dattijo ɗaya, su zaunar da shi a ɗaki mai shiru, su saita makirfo taƙi guda daga bakinsa, su bar shi ya yi magana ba tare da katse shi ba. A faɗi suna da kwanan wata da wuri a farkon ɗaukar. A ajiye sautin a asalin ingancinsa kafin a matse shi don turawa a WhatsApp, a yi kwafi a wuri biyu ko uku, a ba iyalinsa nasu. Wanda ke da tsofaffin kasusuwa kuma ya fito da su a juye su a kwamfuta tun tef ɗin yana juyawa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ƙara wa dattawanmu lafiya, Ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya. Amin.